Malam Gwaji a Ƙofar Gidanmu

Ku gyara zama, jama'a. Abin da zan ba ku yau, ko aminiyata ban iya faɗa wa ba sai da na rufe fuska da mayafi. Wadda take shan shayi ta ajiye kofin tukuna, ba na son a ce ni na sa ta ƙware.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce Injiniya. Baba ne ya laƙaba mini sunan tun ranar da na kwance rediyonsa ina 'yar firamare na kasa mayarwa, ya kuma bi ni har dangi suka manta da na yanka. Ina aiki a wani kamfanin wanki da guga mai rassa a unguwanni da dama. Ba na wanki, ba na guga. Duk rigar da aka kawo, ana shigar da ita cikin wani rumbun bayanai da ke intanet: ta wane ce, wane reshe aka kai ta, an gama ko ba a gama ba, da lambar wayar mai ita. Rumbun ba namu ba ne, haya muke yi a wurin wani kamfani, su kuma suka ba mu tarin kayan aikin da ake yi masa magana da su. Nawa aikin shi ne in rubuta gajerun umarni a kwamfuta, in ce wa rumbun ya zaƙulo mini duk wanda kayansa suka kammala, ya tura masa saƙo ya zo ya ɗauka. Na yi wa Umma wannan bayani ya fi a ƙirga, amma har gobe abin da take gaya wa maƙwabta shi ne 'yarta tana hira da injin wanki.

A sashenmu mu biyu ne kawai, ni da shugabana, wanda kowa a kamfanin yake kira Malam Gwaji. Dogo ne siriri, da tabarau, rigarsa kullum a goge har kana jin tsoron karin hannun ya yanke ka. Mutumin nan ko shayi aka kawo masa sai ya fara ɗanɗana cokali ɗaya ya jira ya ga abin da zai faru. Shi ya tsara mana rumbu biyu, na gwaji da na gaske. Duk umarnin da ka rubuta, a na gwaji yake fara gudana, ya nuna maka a baƙin allo abin da zai yi da a ce da gaske ne, ba tare da ya taɓa komai ba. Idan kana son abin ya faru, sai ka ƙara kalma ɗaya a ƙarshen layi: gaske. Kafin Malam ya yarda a rubuta kalmar nan, sai ya karanta umarnin daga sama har ƙasa, ya tashi ya sha ruwa, ya dawo ya sake karantawa.

To wannan bawan Allah nake so. Kada ku tambaye ni dalili, ni ma na tambayi kaina na gaji. Ina son yadda yake ajiye mini kujerar da ba ta girgiɗi, da yadda bai taɓa ɗaga mini murya ba ko ranar da na goge wa reshe guda farashin bargo. Shi ma yana sona, sai dai ranar da zai faɗa mini, cewa ya yi: “A ce wani zai ce miki yana sonki, me kike ganin za ki ce?” Na ce sai na ga wanin. Sai bayan mako guda ya dawo ya ce shi ne.

Matsalar tana gida. Gwaggo, yayar Baba, ta sa ni a gaba. A lissafinta duk sa'o'ina sun yi aure, wasu ma suna kai yara makaranta, ni kuwa ina nan ina danne-danne. Ta samo mini wani ɗan ƙawarta mai kantin tayal. Ba zan zalunce shi ba, mutumin kirki ne, yana da fara'a, yana da sana'a. Amma kullum da safe sai ya turo mini “Barka da asuba, gimbiya” haɗe da hoton banɗakin da ya gama shimfiɗa wa tayal. Ranar da Gwaggo ta haɗa mu a gidanta, ina magana yana kallon ƙasa, na ɗauka kunya ce, ashe aikin wanda ya yi mata daɓen falo yake dubawa.

Baba ba mai tilasta wa 'ya'yansa ba ne. Da Gwaggo ta ce ranar Lahadi za ta kawo Mai Tayal ya gaishe shi, ya kira ni falo, ya rage muryar talabijin, ya ce shi dai ya daɗe yana jin ƙishin-ƙishin cewa akwai wani a wurin aikina, amma bai taɓa ganin ko takalminsa ba. Ya nuna kujerar baƙi da ke gefen taga, mai rigar leshi da Umma ba ta bari kowa ya zauna a kai.

“Duk wanda ya shigo ta ƙofar can ya zauna a kujerar nan, zan saurare shi,” in ji Baba. “Wanda bai shigo ba kuwa, ban san da shi ba, Injiniya. Ba zan kunyata yayata saboda mutumin da ban sani ba ko akwai shi.”

Na faɗa wa Malam. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce yana kan shiri. Tun watanni yake kan shirin nan.

Ranar Talata muna cin abincin yamma, Umma ta kawo zancen da ya kusa kashe ni. Ta ce ita fa hankalinta bai kwanta da unguwar nan ba. Kwanakin nan idan tana wanke-wanke da la'asar, takan hango ta tagar kicin wata mota ruwan toka ta tsaya a tsallaken titi. Wani dogo ya fito cikin farar doguwar riga, ya tako har bakin ƙofarmu, ya ɗaga hannu kamar zai ƙwanƙwasa, sai ya tsaya. Bakinsa ya yi ta motsi shi kaɗai, ya ɗan rusuna wa ƙofar, ya juya ya koma mota ya tafi. Ta ce ko dai ɓarawo ne yake auna gidan, ko kuma mai taɓin hankali ne daga gidan masu hali. Ta riga ta jingine sandar goge-goge a bayan ƙofa.

Baba ya ce shi ma ya gan shi sau ɗaya, kuma a saninsa ɓarawo ba ya guga irin wannan. Duk da haka ya sayo sabon kwaɗo.

Shinkafa ta sarƙe ni. Umma tana bubbuga mini baya tana cewa kada in tsorata, sandar tana da ƙwari. Na shige ɗaki, na rufe ƙofa, na jawo waya na rubuta wa Malam.

“Motarka ruwan toka ce ko?”

“Eh. Lafiya?”

“Me kake zuwa yi ƙofar gidanmu?”

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Na san ma amsar sai da ya gwada ta a wani wuri. Daga ƙarshe kalma ɗaya ta shigo.

“Gwaji.”

Jama'a, na kifa wayar a kan katifa na yi dariya har hawaye, daga nan hawayen suka ƙi tsayawa bayan dariyar ta ƙare. Raina ya ɓaci ƙwarai. Saura 'yan kwanaki a zaunar da wani a kujerar leshi, shi kuma yana can yana gaisawa da ƙarfen ƙofa.

Ranar Laraba na shirya kamar mai zuwa kotu. Na sa doguwar rigata ruwan kwaiduwa mai maɓallai a hannu, wadda ya taɓa cewa “a ce wani zai yaba ta, da ya yaba,” na yafa baƙin mayafi, na zizara kwalli, na ƙi sa turaren da yake so. Ofishinmu ɗan ɗaki ne a bayan babban reshe, bango ɗaya ya raba mu da masu guga, shi ya sa kullum yake ƙamshin sitaci da tururi. Rabin ɗakin ma ba namu ba ne yanzu, domin kayan da masu su suka manta da su sun cika ma'ajiya, Manaja ta sa an kafa mana sandar rataye a bayan kujeru. Kwat-kwat da manyan riguna cikin leda suna shafa mana ƙeya duk lokacin da muka jingina. Tuni na rubuta umarnin da zai tuna wa masu su, amma Malam ya riƙe shi a gwaji, wai kalmar “ku hanzarta” ta yi tsauri.

Na same shi ya riga ni zuwa, ya ajiye mini shayi da biskit a gefen kwamfuta. Ban taɓa ba. Ya fara bayani a hankali, idonsa a kan madannai. Ya ce ya haddace komai, sallama, gaisuwa, tambayar lafiyar iyali, har inda zai ajiye takalmi. Duk gwajin yana tafiya daidai sai an zo wuri ɗaya, inda Baba zai ce, “Me ke tafe da kai?” Nan muryarsa take ɗaukewa. Ya gwada a mota, ya gwada a gaban madubi, ya gwada a bakin ƙofar kanta ko wurin zai taimaka, amma a nan abin yake tsayawa kullum. Ya ce ba zai iya shiga da abin da ya san yana da matsala ba.

“Umma ta ajiye maka sanda,” na ce.

Ya sake cire tabarau.

Na jawo kujera na buɗe rumbun gwaji, na share duk mutanen ƙarya da muke gwada saƙo a kansu, na shigar da mutum ɗaya tak: Baba, da lambarsa ta gaskiya. Na ɗauko umarnin nan na tuna wa mutane kayansu, na cire sharaɗin tsofaffin kaya, na bar shi yana cewa a tura wa duk wanda yake cikin rumbun, tunda ai mutum ɗaya ne a ciki. Sannan na canza saƙon:

“Baba, barka da rana. Akwai wanda zai zo gaishe ka ranar Asabar da la'asar. Don Allah ka saurare shi. 'Yarka, Injiniya.”

Na gudanar da shi a gwaji. Baƙin allo ya nuna cewa da da gaske ne, da an tura saƙo ga mutum ɗaya. Na juya masa kwamfutar, na tura masa madannai har gabansa.

“Ga shi, an gwada, ya yi. Saura kalma ɗaya, kuma ba ni zan rubuta ta ba.”

Ya kalli allon, ya kalle ni. Ya ce, “Bari in karanta umarnin tukuna.”

“Idan ka karanta, Malam, ka ci gaba da karatu har Lahadi. Ni zan je in zaɓi kalar tayal.”

Ya ɗora yatsa ɗaya, ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar mai taka ƙaya, ya rufe ido, ya danna. Wallahi a wannan lokacin na ji sonsa ya cika mini ƙirji, domin tun da na san shi bai taɓa yin wani abu ba tare da ya karanta ba, sai yau, kuma saboda ni.

Sai allon ya fara gudu.

An tura. An tura. An tura. Layi yana bin layi har ido ba ya iya kamawa. Na ce a raina, Baba guda nawa gare ni? Malam ya buɗe ido, na ga fuskarsa ta canza, ya ce a hankali, kamar mai yi wa kansa ta'aziyya, “Kalmar tana canza rumbun ma.”

Abin da na manta ke nan, shi kuma da ya tsara abin da hannunsa, tsoro ya mantar da shi. Kalmar gaske ba izinin turawa kawai take bayarwa ba, tana ɗauke umarnin daga rumbun gwaji ta kai shi na gaske. A can kuwa “duk wanda yake cikin rumbun” yana nufin duk wanda ya taɓa kawo mana ko da hankici. Kamfanin da muke haya a wurinsu kuma, Allah ya saka musu, ba su da nawa. Kafin Malam ya katse abin, dubban mutane sun samu labarin cewa ranar Asabar za a zo gaishe su.

Ta bango muna jin ƙarar tururin masu guga. Can sai wayar kantar karɓar kaya ta fara ƙara, ta biyu ta karɓa, sannan wayar Manaja.

Amsoshin suka fara shigowa a allon, ni da shi muna karantawa kamar masu duba sakamakon asibiti.

“Allah ya kawo shi lafiya. Amma wace ce Injiniya a cikinku?”

“Ni 'ya'yana duk maza ne, sai dai ya zo, ba a korar baƙo.”

“Ki ce masa ya zo bayan magariba, da la'asar ina kasuwa.”

Wata mata ta rubuto cewa wayar mijinta tana hannunta, kuma tana son a yi mata bayanin wannan 'yar da ba ta san da ita ba. Wani dattijo ya kira kanta yana faɗa, ya ce ya jera 'ya'yansa mata a tsakar gida, kowacce ta rantse ba ita ba ce, ƙaramar ma har ta fara kuka, wanda hakan ya sa yake zarginta.

Manaja ta banko ƙofa, ledojin kwat suka yi ta kaɗawa. Mace ce gajera mai murya, idan ta fusata takan tura tabarau saman goshi, ranar kuwa har sun kusa kai tsakiyar kai. Ta tambaya wa ya yi wannan aika-aika. Na buɗe baki, domin ni na rubuta umarnin, amma Malam ya riga ni miƙewa.

“Ni na rubuta kalmar, ranki ya daɗe. Ban karanta ba.”

Manaja ta dube shi ta daɗe. Ina ganin da cewa ya yi ya saci injin wanki da ta fi saurin yarda. Ta ce mu tura saƙon ban haƙuri yanzu-yanzu, sannan gobe da safe mu same ta a ofis, mu zo da bayani mai kyau ko kuma mu zo da kwali na kwashe kayanmu. Malam ya rubuta ban haƙurin, ya gudanar da shi a gwaji, ya karanta, ya sha ruwa, ya sake karantawa. Ban hana shi ba.

Kafin ban haƙurin ya fita, wani abu ya fara faruwa a wurin karɓar kaya. Dattawa suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da tsohon rasit a hannu, wasu ma babu. Wannan ya ce akwai babbar rigarsa da ya kawo tun bara, yana buƙatarta kafin Asabar. Wancan ya ce a duba masa kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa, a sake bi da guga, zai yi baƙo. Mai karɓar kaya tana yi musu bayanin kuskure ne, suna gyaɗa kai suna cewa sun ji, amma dai a ba su rigar, ba a san abin da Allah zai yi ba. Kafin azahar ta wuce, sandar da ke bayan kujerunmu ta yi rabi. Na hango Manaja ta sauko da tabarau kan hanci tana leƙen layin.

Ina cikin samun ɗan sauƙi wayata ta yi ƙara. Gwaggo. Na manta shaf cewa a wurinmu take wankin labule. Ban ɗauka ba, sai ga saƙon murya, na kara a kunne. Ta ce ita dai tun da take ba a taɓa kiranta Baba ba sai yau, kuma Injiniya ɗaya ta sani a duniya. Ta ce Mai Tayal ma ya samu nasa, ya kira ta yana tambaya ko an matso da ranar ne zuwa Asabar. Ta ce in jira ta, tana nan zuwa gidan da kanta.

A nan ne wani tunani ya faɗo mini. Na koma allon na binciki lambar Baba a cikin waɗanda aka tura wa. Babu. Na sake bincikawa. Babu. Baba bai taɓa kawo mana wanki ba, Umma ce take yi masa da hannunta, tana cewa injin yana cinye wuyan riga. Lambarsa tana can a rumbun gwaji inda na ajiye ta. Duk uban da ke garin nan ya samu saƙona, ban da nawa.

Na juyo in faɗa wa Malam, na tarar kujerarsa wayam. Mai karɓar kaya ta ce ya fita tun ɗazu, bai ce ga inda za shi ba. Na kira, bai ɗauka ba. Na ce shi ke nan, kunya ta kore shi, na rasa aiki na rasa miji a rana ɗaya, ga kuma banɗaki mai tayal yana jirana.

Na isa gida da la'asar sakaliya. Umma tana kicin, ta bi ni da wani kallo da ya nuna Gwaggo ta riga ta kira. Baba yana falo a kujerarsa, talabijin a kashe, tabaran karatu a hanci, wayarsa a hannu yana ta latsawa sama da ƙasa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗago ba.

Ya ce ɗazu a inda suke zama da abokansa, wayoyi suka yi ta ƙara a jere. Tsohon direba ya samu, mai gyaran agogo ya samu, har liman ya samu. Duk suka miƙo masa suna cewa ai wannan Injiniyarka ce. Shi kuma ya ciro tasa ya duba, ya kashe ya kunna, ya ba wani ya duba masa ko ta lalace.

“Kowa 'yata ta rubuta masa, ban da ni,” ya ce.

Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na fara haɗa bayanin rumbu biyu, ina jin yadda maganar take fita ba kai ba gindi, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ba da ƙarfi ba, amma an ƙwanƙwasa.

Umma ta leƙa ta tagar kicin, ta fito da sauri tana goge hannu a zani. “Shi ne, mai motar nan. Yau har ya taɓa ƙofar.” Ta nufi sandar goge-goge. Na riƙe mata hannu na ce, “Umma, nawa ne.” Ta dube ni, ta dubi sandar, ta ce Allah ya kyauta.

Baba da kansa ya je ya buɗe sabon kwaɗon. Ni na shige bayan labulen da ya raba falo da hanyar ɗakuna, na bar 'yar kafa. Malam ya shigo da rigar aikinsa, ta yamutse a baya, gumi ya jiƙa hammata, babu farar doguwar riga, babu turare. Daga baya na ji cewa gidan matar nan mai riƙe da wayar mijinta ya fara zuwa ya yi bayani da bakinsa, daga can ya wuto nan. Ya cire takalmi ya bar su a inda ba nan ya haddace ba, ɗaya ma a kife. Baba ya nuna masa kujerar leshi, ya zauna a bakin-bakinta.

Ya gaida Baba, ya ce ya zo ne ya ba da haƙuri, shi ya jawo aka yi ta yawo da sunan 'yarsa a wayoyin mutane. Baba ya ɗaga masa hannu.

“Kafin mu kai nan. Ni ban samu saƙona ba. Ba zan saurari kowa ba sai an turo mini kamar yadda aka tura wa sauran.”

Ya faɗa yana kallon labule. Na ciro waya, na rubuta saƙon nan kalma da kalma daga lambata, na tura. Wayar Baba ta yi ƙara. Ya gyara tabarau, ya karanta a hankali yana motsa leɓe, ya kai ƙarshe ya koma farko. Na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya ajiye wayar a kan cinya, ya dubi Malam.

“Nan an ce Asabar. Yau Laraba.”

“Haka ne, Baba. Ban shirya ba.”

“Na ga alama. To, me ke tafe da kai?”

Jama'a, falon ya yi tsit. Ina jin agogon bango, ina jin numfashin Umma a bayan kunnena, ashe ita ma ta shigo labulen. Malam ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya kai hannu zai cire tabarau. Na runtse ido na ce a raina, nan ne wurin, nan yake tsayawa kullum.

Sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, amma kowace kalma ta fito.

“Baba, Injiniya nake so. Aurenta na zo nema.”

Umma ta matse mini hannu har zobena ya shige fata. Baba bai riga ya amsa ba, ya dai jingina da kujera yana kallonsa, sai muka ji mota ta tsaya a waje, aka danna ham sau biyu irin na Gwaggo. Ƙofar mota ta buɗe, sannan wata ta biyu ta buɗe, na ji muryar namiji yana yaba daɓen ƙofar gidanmu.

Baba ya dubi ƙofa, ya dubi Malam da ya fara yunƙurin miƙewa.

“Zauna,” ya ce. “Kujerar ɗaya ce, kuma ka riga shi.”